Amfanin Furen Marigol Wajen Kare Kabewa Daga Ƙwari

Kabewa na daga cikin amfanin da manoman Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa kan raɓa a gefen gonar masara ko a bayan gida. Matsalar tsaro da ta addabi yankin ta sa gidaje da dama sun koma dogaro da filayen bakin gari, inda ake maimaita shuka a wuri ɗaya kowace shekara. Irin wannan maimaici kuwa shi ke tara cuta a cikin ƙasa.

Babbar cutar ita ce wata tsutsa ƙarama da ido ba ya gani, wadda ke shiga saiwa ta kumbura ta. Manomi zai ga kabewa ta tsumbure, ganyenta na yin yaushi da rana ko da ƙasa na da danshi. Idan ya tuge guda ya tarar da ƙulle-ƙulle a jikin saiwar, to ita ce. Kada a ɗauke su tamkar ƙurajen saiwar gyaɗa ko wake, waɗanda ke da amfani kuma sukan fita idan an murza. Tsutsar na kama tumatir da kuɓewa ma.

A nan ne marigol ke da rana. Fure ne mai launin rawaya ko ruwan goro, mai kaifin wari, wanda ake shukawa don ado a harabar makarantu da ofisoshi. Asalinsa daga ƙasar Meziko ne. Saiwarsa na ɗauke da sinadarin da ke kashe tsutsar, ya hana ta hayayyafa. Sai dai kuskuren da aka fi yi shi ne a dasa tushe biyu ko uku kusa da kabewa a zauna jiran sakamako. Abin da ya fi inganci shi ne a cika filin da furen, tazarar kamar taƙi ɗaya, a bar shi aƙalla wata 2, ana cire ciyawa domin ita ma tana ciyar da tsutsar. Daga nan a kafce shi cikin ƙasa, a shuka kabewa.

Dangane da ƙwarin da ke cin ganye kuwa, a yi hattara da yawan zato. A shekarar 2019 masana a Jami'ar Newcastle ta Ingila sun nuna cewa ƙamshin furen na rage farin ƙuda, amma a kan tumatir aka yi gwajin, ba kabewa ba. Akwai kuma ƙudan da ke huda 'ya'yan kabewa ya sa su ruɓe. Maganinsa a riƙa tsince ruɓaɓɓu ana binnewa da zurfi. Amma layin fure a gefen fili na jawo ƙudan zuma, wanda kabewa ba ta 'ya'ya sosai sai da shi.

Ana kira ga malaman gona na hukumar KTARDA da sassan aikin gona na ƙananan hukumomin uku da su ware ɗan fili don nuna wa jama'a. Iri ba ya buƙatar saye kowace shekara: a bar furen ya bushe a jikin tushe, a murje shi, a adana a wurin da babu danshi har damina ta gaba.