Yadda Ake Gane Dokin Da Ya Fi Gudu

Jama'a, ga wata gardama da ake yawan yi a dandali bayan sukuwar salla, daga Farin Dutse har Birnin Kudu. Wani ya ce akawal ɗinsa ya ci tseren mita 1,000. Wani kuma ya ce kilinsa ya ci na mita 2,000. To, wanne ya fi gudu? Wannan tambaya ba ta hira kaɗai ba ce. Mutum zai iya sayar da amfanin gonarsa ya tafi kasuwar Maigatari ya sayo doki saboda yabon dillali, daga baya ya yi da-na-sani. Ɗan lissafi kaɗan zai taimaka.

A raba fili zango-zango

Masu tseren dawaki suna raba mil ɗaya kashi takwas. Kowane kashi kusan mita 200 ne. Bari mu kira shi zango. Ku tuna, minti ɗaya daƙiƙa 60 ne.

Ga misali. Akawal ya yi mita 1,000 cikin daƙiƙa 70. Zango 5 ke nan. A raba 70 gida 5, an sami 14. Kili ya yi mita 2,000 cikin minti biyu da rabi, wato daƙiƙa 150. Zango 10 ke nan. A raba 150 gida 10, an sami 15. Ashe akawal yana cin zango a daƙiƙa 14, kili kuwa a 15.

Kada a yi saurin yanke hukunci

Wannan lissafi bai nuna akawal ya fi kili ba. Kowane doki gudunsa yana raguwa idan tafiya ta yi nisa. Dalili shi ne ƙarfin da yake zabura da shi ba ya daɗewa, sai numfashi ya karɓi aiki. Saboda haka a sa wani ya riƙe agogo a zangon ƙarshe. Idan akawal ya ci zangon ƙarshe a daƙiƙa 17, ya riga ya gaji, ba zai kai mita 2,000 da wannan gudu ba. Idan kili ya ci nasa a 15, yana da sauran numfashi. Akawal dokin gajeren tsere ne, kili na dogo.

Dokin da nisa ba ya rage masa gudu ba a cika samunsa ba. A shekarar 1973 an yi wani a Amurka mai suna Secretariat. Ya yi zango 10 cikin ƙasa da minti biyu. Bayan 'yan makonni ya yi zango 12 cikin daƙiƙa 144. Ku raba da kanku. A duka biyun kusan daƙiƙa 12 ne kowane zango. Shi ya sa har yau ake labarinsa.

Nauyi da ƙasa

Akwai sauran abubuwa biyu. Na farko nauyi. A manyan filayen sukuwa akwai tseren da ake ƙara wa dokin da ya saba ci nauyi, don a daidaita shi da sauran. Nauyi kuwa ya fi cin doki a doguwar tafiya. Don haka a tambaya: yaro ne ya hau, ko ƙato?

Na biyu ƙasa. Gudu a rairayi ba ɗaya ba ne da gudu a tsandauri. Na damina ma daban yake da na rani.

Shawara

Kafin ka ba da kuɗinka, ka auna fili, ka kafa alama a kowane zango. Mahayi ɗaya ya hau dawakin duka, a fili ɗaya. Ka rubuta lokacin kowanne a littafinka. Gani ya kori ji.