YADDA AKE ƘERA SAMFURIN JIRGIN YAƘI MAI FILAFILAI

A garin Portsmouth na ƙasar Ingila akwai wani tsohon jirgin ruwa na yaƙi wanda aka yi da katako, ana kiransa Victory, wato Nasara. An soma gina shi a ma'aikatar jirage ta Chatham a shekarar 1759, aka tura shi ruwa a 1765. Wanda ya tsara shi sunansa Thomas Slade. An ci itatuwa wajen 6,000 wurin ginin, yawancinsu itacen oak. Shi ne jirgin da Nelson, ɗaya daga cikin shugabannin mayaƙan ruwan Ingila, ya hau a yaƙin Trafalgar ran 21 ga Oktoba, 1805, inda jiragen Ingila 27 suka kara da jirage 33 na Faransa da Sifen. Ingila ta yi nasara, amma an harbi Nelson a kan jirgin, ya kuwa mutu a ranar. Tun 1922 aka shigar da jirgin wani kwarin gyaran jirage da aka janye ruwansa, a nan mutane suke zuwa kallonsa.

Akwai masu sha'awa a ƙasashe da yawa da suke ƙera ɗan ƙaramin samfurin wannan jirgi, wanda za a iya ajiyewa a kan tebur, amma kowace taga da kowace igiya tana wurinta daidai. Wasu sukan yi shekara biyu, wasu biyar, kafin su gama guda ɗaya. Mun ga ya kamata mu bayyana wa ɗalibanmu yadda ake wannan aiki, domin da yawa a cikinku kuna tambaya ko mene ne amfanin lissafin rabo da zanen gini da ake koya muku. Wasu kuma suna raina aikin hannu, suna ganin na waɗanda karatu ya gagara ne. Wanda bai iya lissafi ba, ba zai iya wannan aikin hannu ba ko kaɗan.

ASALIN SANA'AR

A ƙarni na 17 da na 18, gwanayen kafintoci a Ingila sun ƙera samfuran jiragen yaƙi domin hukumar sojan ruwa da manyan mutane. Ma'aunin da suka fi amfani da shi shi ne 1 bisa 48, wato rubu'in inci yana tsaya wa ƙafa ɗaya. Da yawa daga cikin waɗannan samfura suna nan a gidan tarihin jiragen ruwa da ke Greenwich a birnin Landan, tare da ainihin zanen jiragen.

Wani abin mamaki shi ne na fursunonin yaƙi 'yan Faransa da aka tsare a Ingila zamanin Napoleon. Ba su da katako mai kyau, ba su da kayan aiki. Sai suka riƙa tara ƙashin naman da ake ba su, su dafa shi, su kankare, su sassaƙa jirage da shi, su sayar. Har yau ana ajiye da irin waɗannan jirage na ƙashi a gidajen tarihi. Saboda haka kada wani ya ce rashin kayan aiki ne ya hana shi.

ZAƁEN MA'AUNI

Abu na fari shi ne a yanke shawarar sau nawa za a rage girman jirgin. Bari mu ɗauki 1 bisa 100 domin sauƙin lissafi: kowace mita ɗaya ta jirgin za ta zama santimita ɗaya. Tsawon gangar jikin Victory kimanin mita 69 ne, saboda haka samfurin zai zama santimita 69. Faɗinsa kusan mita 16, ya zama santimita 16. Babban jigon tsakiya, daga fuskar ruwa zuwa ƙololuwa, wajen mita 62 ne, ya zama santimita 62. Matuƙin jirgi mai tsawon santimita 170 zai koma milimita 17, bai kai gaɓar yatsa ba.

Dokar ita ce, da zarar an zaɓi ma'auni, kome da kome sai ya bi shi. In aka yi igiya ko tsani ya fi ƙarfin ma'aunin, ido zai gane nan da nan, jirgin ya koma kamar abin wasan yara.

Ga wani darasi da ke cikin lissafin. In an rage tsawo sau 100, faɗin filafili yana raguwa sau 100 sau 100, wato sau 10,000. Nauyi kuwa yana raguwa sau 100 sau 100 sau 100, wato sau miliyan ɗaya. Victory yana da nauyin tan 3,500 ko kusa da haka, don haka samfurin da ya bi ma'auni sosai zai zama kilo uku da rabi kacal. Nauyin ya ragu fiye da yadda filafilan suka ragu. Shi ya sa in aka ɗora irin wannan samfuri a kan ruwa, iskar da ba ta kai ta motsa babban jirgi ba sai ta kifar da shi. Samfurin da muke magana a kai na ajiya ne da nazari.

ZANE DA SHEKARA

Ba a fara yanka katako sai an sami zane. Zanen jirgi kashi uku ne: yadda yake in an dube shi daga gefe, yadda yake daga sama, da kuma siffarsa in an yayyanka shi gunduwa-gunduwa kamar burodi. Kashi na ukun ne yake ba mu siffar haƙarƙarin jirgin. Wani Bature mai suna Longridge ya ƙera samfurin Victory a ma'aunin 1 bisa 48, ya kuma rubuta littafi a kan aikin wanda ya fito a 1955. Masu wannan sana'a suna amfani da shi har yanzu.

Sai kuma a tsai da shekarar da ake so a nuna. Jirgin da ya daɗe haka ya sha gyara. Tsakanin 1800 da 1803 an yi masa babban gyara, aka rufe barandun da ke bayansa, aka sake gunkin da ke goshinsa. Wanda yake son Victory na ranar Trafalgar ba zai sa masa barandun 1765 ba. Ko launi ma haka ne. An daɗe ana shafa masa rawaya mai haske da baƙi, amma da masana suka bincika tsoffin fentin da ke jikin katakonsa, sai suka gano launin zamanin Nelson ya fi haka kodewa, aka kuwa sake masa fenti a 2015. Mai ƙera samfuri dole ya zama mai binciken tarihi.

KAYAN AIKI

Ana bukatar ƙaramin zarto, wuƙa mai kaifi ko reza, magagari, samfefa, matsefata, fil, rula ta ƙarfe, sikwaya, gam na katako, zare iri-iri da kakin zuma. Katakon ya zama busasshe sarai, marar manyan jijiyoyi, domin jijiyar da ba a kula da ita a jikin kujera, a jikin samfuri za ta yi kama da rami. A wurinmu sai a yi hattara da yanayi: katakon da aka yanka ɗanye da damina zai tsuke ya tsage in hunturu ya shigo.

ƘASHIN BAYA DA HAƘARƘARI

Ana gina jirgi kamar yadda jikin kifi yake. Da fari a yanka dogon allo mai siffar jirgin daga gefe, shi ne ƙashin baya. A yi masa tsaga-tsaga, a zura allunan haƙarƙari a ciki ɗaya bayan ɗaya bisa ga lambarsu a zane. A kafa ƙashin bayan a kan shimfiɗaɗɗen katako don kada ya karkace, a kuma gwada kowane haƙarƙari da sikwaya kafin gam ya bushe. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Karkatar milimita ɗaya a nan za ta bi aikin har ƙarshe, ba kuwa fentin da zai ɓoye ta.

Bayan haka a goge gefen haƙarƙarin da samfefa, musamman wajen goshi da baya, har siririn falanki ya iya kwanciya a kansu lif, ba tudu ba kwari.

LULLUƁE JIKI

Wannan ne mataki mafi wuya. Ana rufe haƙarƙarin da siraran falankai, ɗaya kusa da ɗaya. Matsalar ita ce cikin jirgin ya fi goshinsa faɗi, amma yawan falankan ɗaya ne. Saboda haka sai a auna gefen kowane haƙarƙari da tsirin takarda, a raba da yawan falankan. Misali, in haƙarƙarin tsakiya ya ba da milimita 120, falanki kuma milimita 5 ne, ana bukatar falanki 24. In na kusa da goshi ya ba da milimita 84, a raba 84 gida 24, a sami uku da rabi. Ke nan kowane falanki sai a fiƙe shi daga milimita 5 zuwa uku da rabi yayin da ya nufi goshi.

Busasshen falanki ba ya lanƙwasuwa, karyewa yake yi. An ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to mu ma sai mu mai da shi kamar ɗanye: a jiƙa shi a ruwan zafi, a lanƙwasa a hankali, a kafe da fil har ya bushe, sa'an nan a sa gam. Masu gina ainihin jiragen ma da tururi suke tausasa manyan falankansu. Kuma a riƙa sa ɗaya a dama, ɗaya a hagu. In aka gama gefe guda tukuna, falankan za su ja ƙashin bayan ya karkace.

A shekarar 1780 an lulluɓe ƙasan Victory da faranta 3,923 na jan ƙarfe, don hana tsutsar teku huda katako da hana ciyawa manne masa. Kowane faranti tsawonsa ƙafa huɗu ne, wanda a ma'auninmu ya zama milimita 12. Ana yanka su daga jan ƙarfe mai kaurin takarda, a manna ɗaya-ɗaya.

IGWA DA BENE

A Trafalgar jirgin yana ɗauke da igwa 104 da mutum wajen 820. Bene uku ne na igwa. A na ƙasa akwai 30 masu harba dunƙulen ƙarfe mai nauyin laba 32, a na tsakiya 28 masu laba 24, a na sama 30 masu laba 12, sauran 16 kuma suna can sarari a sama. An sa masu nauyi a ƙasa ne don kada jirgin ya yi nauyin kai. Jirgin yaƙin ƙasar Suwidin mai suna Vasa ya rasa wannan daidaito, ya kuwa kife a tashar Stockholm a ranar tafiyarsa ta fari a 1628, sai a 1961 aka tsamo shi.

Kowace igwa tana da kekenta na katako mai ƙafa huɗu. A yi ma'auni guda a yanka duka da shi don su zama bai ɗaya. Kuma duk abin da zai zauna a benen ƙasa a gama shi kafin a rufe na sama, gama in an rufe hannu ba zai sake shiga ba.

JIGO DA IGIYOYI

Victory yana da manyan jigo uku da wani da ya miƙe gaba daga goshi. Yana iya ɗaukar filafili 37, igiyoyinsa kuwa in an haɗa su sun kai mil 26, wato kusan kilomita 42. A ma'auninmu zare ne mita 420.

Igiyoyin iri biyu ne. Akwai masu riƙe jigo, waɗanda ba sa motsi. Su akan shafa musu kwalta don kada ruwa ya ruɓar da su, saboda haka da baƙin zare ake yin su. Akwai kuma waɗanda matuƙa ke ja don ɗaga filafili ko juya shi, su kuwa launin rama gare su. A bi da kowane zare ta cikin kakin zuma don gashinsa ya kwanta. A fara daga tsakiya zuwa waje, daga ƙasa zuwa sama, a riƙa ɗaure dama da hagu tare don kada jigo ya sunkuya. Tsanin igiya da matuƙa ke hawa shi kaɗai yana cin ƙulli dubbai, kowanne da matsefata ake ɗaure shi. Wanda ya ɗaura talatin a rana ya yi ƙoƙari.

In an gama, a sa samfurin a akwatin gilashi, nesa da rana da laima da gara. Ƙura ita ce babbar abokiyar gabarsa, don ba a iya share ta daga cikin igiyoyi ba tare da an tsinka wasu ba.

SHAWARA GA MAI FARAWA

Kada wanda bai taɓa yi ba ya fara da Victory. Jirage da yawa sun tsaya a haƙarƙari saboda mai su ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. A fara da ɗaya daga cikin ƙananan kwale-kwalen da jirgin ke ɗauka, wanda za a iya gamawa a hutu guda. Daga nan a gwada gunduwar tsakiyar jirgin kaɗai, mai nuna bene uku da igwa kaɗan da jigo ɗaya. Ɗalibai huɗu ko biyar za su iya haɗa kai: wani ya riƙe lissafi da zane, wani yanka, wani igwa, wani igiya. Malaman lissafi da na aikin katako za su yi murnar duba muku ma'auninku kafin ku sa zarto. Sannu ba ta hana zuwa. Muna fata a fitowa ta gaba za mu buga hoton kwale-kwalen farko da ɗalibanmu suka ƙera.