Injinan Da Masu Aikin Fili Suka Fi So, Da Abin Da Dillali Zai Duba

'Yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, mu sana'armu hatsi ce, ba ƙarfe ba. Amma sau da yawa mutum yakan zo ɗaukar masara bashi, ya ajiye mana inji jingina. Mun taɓa karɓar wani injin ban ruwa a kan buhu huɗu, jan fenti, da sunan Honda a jiki. Da wa'adi ya wuce muka kai shi wurin makaniki, ya dube shi ya yi dariya, ya ce takardar jikin kaɗai ce ta Honda. Ko kuɗin buhu biyu bai fitar ba. Tun daga nan muka riƙa tambayar masu aiki da injinan, watau 'yan kwangilar da ke gyaran fili, da shuka ciyawa da furanni, da sare itatuwa, da shimfiɗa intalok.

Ku sani injinansu iri biyu ne, kuma asara galibi daga rashin sanin bambancin take fitowa.

Na farko shi ne wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai wuri ɗaya. Zarton inji mai sarƙa da injin yankan ciyawa na ratayawa a kafaɗa, yawancinsu haka suke. Ba su da ma'ajin baƙin mai a ciki, shi ya sa ba su da nauyi, kuma ko an karkata su ko an ɗaga sama suna aiki. A nan sunaye biyu ne a bakin kowa. Akwai Stihl na Jamus, wanda Andreas Stihl ya kafa a 1926. Akwai Husqvarna na Suwidin, wanda asalinsa ma'aikatar ƙera bindigogi ce tun 1689, sai a 1959 ya shiga yin zarto. Masu tsaga manyan itatuwa su yi katako sun fi neman Stihl mai lamba 070, to shi ne kuwa 'yan jabu suka fi kwaikwaya.

Ma'aunin da Stihl ya bayar shi ne kashi ɗaya na mai cikin hamsin na fetur, watau mililita 100 a lita 5, da man da aka yi don irin wannan inji. Yaro ya zuba fetur zalla, kafin a gama sare bishiya ɗaya fistin ya kama. Saboda haka in an kawo muku zarto na hannu, kada ku tsaya kallon fenti. Ku sa makaniki ya kwance salansa ya leƙa fistin. In ya ga zane-zane a jikinsa, injin ya sha wuya, ku rage kuɗi ko ku bar shi.

Na biyu shi ne mai ma'ajin baƙin mai daban, kamar na mota. Sarkinsu Honda GX, wanda ya fito a 1983, musamman GX160 da 'yan kasuwa ke kira mai doki biyar da rabi. Abin da ya sa 'yan kwangila ke son sa, kai ɗaya ne amma jiki da yawa. Shi ne a kan injin daɓe da ke danne ƙasa kafin a jera intalok. Shi ne a kan famfon inci biyu da inci uku da ke shayar da ciyawa. Mu ma mun san shi, domin irin waɗannan ƙananan famfuna ne suka kori jigo daga fadamun Kano da Sakkwato tun shekarun 1980, kuma masu ƙaramin injin niƙa suna ɗora shi. Man cikinsa bai fi rabin lita da ɗan ɗori ba. Ana juye na farko bayan awa 20, sa'an nan duk bayan awa 100. Wasu suna da na'urar da ke kashe inji in mai ya yi ƙasa. Mun ga masu tsinke wayarta wai tana damun su, Allah ya kyauta.

To, a nan ne maganar take. Mun tambayi 'yan kwangila da dama me ya sa suke maƙale wa waɗannan sunaye alhali ga masu araha. Ba wanda ya ce mana don kyau. Ɗan kwangila yana da leburori a fili, yana da ranar da zai miƙa aiki. Inji ya tsaya da hantsi, yana so kafin azahar a samo fulogi ko kafireto a Sabon Gari ko Panteka, kuma makanikin bakin titi ya iya ɗaurawa. Injin da babu kayan gyaransa a gari, ko kyauta aka ba shi bai karɓa.

Wannan ne ma ya ba na Sin kasuwa. Akwai wanda ake kira 168F, an yi shi bisa tsarin GX160, har yawancin kayansu suna shiga juna. Mu ba mu ga aibinsa ba in an sayar da shi da sunansa da kuɗinsa. Mai ƙaramin jari ya yi rani ɗaya ko biyu da shi ya mai da kuɗinsa. Ha'incin shi ne a manna masa sunan wani. Ku nemi lambar da aka buga a jikin ƙarfen injin, ba ta takarda ba, ku tafi da makanikin da ba na mai kayan ba ne. La'adar yini ɗaya ba ta kai ɗan kwangila ya daina sallama da ku ba.

In famfo ne, ku sa a cika shi da ruwa kafin a tayar, don gwajin busasshe yana ƙona robar da ke tare ruwa. Kuma ba ya janyo ruwan da ya wuce zurfin mita bakwai zuwa takwas, komai abin da mai sayarwa ya faɗa.

Tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya a watan Mayun 2023, masu ban ruwa da yawa sun mai da injinansu na iskar gas, wasu sun koma famfon hasken rana. Wanda aka kawo wa injin da aka juya, ya tambaya ko tsohon kafireton yana nan, a haɗo masa da shi cikin ciniki.