Saƙon da ba shi da suna: Abin da ɓoye fuska a Facebook da WhatsApp ke iya jawowa a Diffa

A cikin zaurukan Facebook akwai wani ɗan maɓalli da matasa da yawa suka riga suka saba da shi. Idan ka taɓa shi kafin ka wallafa rubutu, sunanka da hotonka ba za su fito ba, sai dai a ga wani mamba ne ya rubuta. Kamfanin ya fara kawo shi a 2020 a zaurukan iyaye masu neman shawara kan renon yara, daga baya ya buɗe shi ga sauran zauruka.

A wasu garuruwan, mafi munin abin da irin wannan rubutu kan jawo shi ne zubewar mutunci ko mutuwar aure, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. A jihar Diffa kuwa akwai kalmomi biyu da suka fi zagi nauyi: a ce da mutum ɗan Boko Haram, ko a ce shi ne mai kai wa sojoji rahoto. Ta farko tana iya kai shi gidan kaso. Ta biyu tana iya sa a biyo shi har gida cikin dare.

Tun harin ranar 6 ga Fabrairun 2015 a Bosso da garin Diffa, da dokar ta-ɓacin da ta biyo baya, mutanen bakin kogin Komadugu ke rayuwa tsakanin waɗannan zarge-zarge biyu. An hana hawa babura, an taƙaita cinikin tattasai da bandar kifi bisa zargin cewa kuɗinsu na kaiwa ga mayaƙa. Sama da mutum 1,000 aka kama a shekarun farko, aka kai da yawansu gidajen kaso na Kollo da Koutoukalé, kusa da Yamai, fiye da kilomita 1,300 daga iyalansu. Da aka fara shari'a a 2017, an sallami mutane da dama saboda babu hujja a kansu. Wasu daga cikinsu tsegumin maƙwabci ne ya kai su can. A wancan lokacin mai tsegumi sai ya taka da ƙafarsa ya je wurin jandarmomi. Yau wayar hannu da kuɗin intanet na dala ashirin sun ishe shi.

Dalilin da ya sa ake ɓoye suna

Ba kowane mai ɓoye sunansa ne mugu ba, kuma duk wanda ya san yankin ya san haka. Ɗan gudun hijirar da ke sansanin Sayam Forage, idan ya ga ana tauye rabon abinci, da wane suna zai yi magana, alhali a hannun wanda yake ƙorafi a kansa jerin sunayen masu karɓa yake? Haka ɗalibar da malami ya matsa mata, ko manomin tattasai da ake karɓar kuɗi a hannunsa a kan hanya. Mutane ba su manta ba cewa a watan Mayun 2015 an tsare Moussa Tchangari na ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens bayan ya soki yadda aka kwashe mazauna tsibiran tafkin Chadi. Idan hakan ta faru da sanannen mutum mai lauyoyi, talaka zai yi tunani sau biyu.

Sai dai ƙofar da mai gaskiya ke bi, ita maƙaryaci ke bi. Ɗan kasuwar da ke ƙetara kogi zuwa Damasak, abokin hamayyarsa a kasuwa na iya rubuta layi biyu a kansa ba tare da suna ba. Tubabbun mayaƙan da suka fito daga cibiyar Goudoumaria suna ƙoƙarin komawa cikin jama'a, hoto ɗaya da ɗan rubutu a ƙasansa ya isa ya rushe aikin shekaru. A yankin da garkuwa da mutane don kuɗin fansa ta zama ruwan dare, ko rubuta cewa wane ya sayar da buhunan tattasai ya sami kuɗi ba hira ba ce kawai.

Admin yana ganin sunanka

Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, a zauren Facebook ɓoyewar rabi ce. Sauran mambobi ba sa ganin sunan marubuci, amma admin da masu taya shi tace rubutu suna gani, kamfanin ma yana gani. Rubutun kuma ba ya fita sai sun amince. Wato sirrin yarinyar da ta kai kukanta yana hannun wani saurayi da ƙila unguwarsu ɗaya, ƙila ma fadarsu ɗaya da wanda take ƙara, suna shan shayi tare kowane dare. Ba ya buƙatar komai face ya ɗauki hoton allon wayarsa.

Shi ma admin ɗin ba a kan gadon fure yake ba. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta ranar 3 ga Yulin 2019 ta tanadi ɗauri kan ɓata suna da zagi ta hanyar na'ura. A 2022, zamanin Mohamed Bazoum, an cire ɗaurin daga waɗannan laifuka biyu, aka bar tara. Ranar 7 ga Yunin 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan dokar da ta dawo da shi: shekara 1 zuwa 3 da tarar miliyan 1 zuwa 5 na kuɗin sefa kan ɓata suna ko zagi, sannan shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa abin da ka iya tayar da hankalin jama'a.

Wanda ke ganin rubutun wani ba zai shafe shi ba, ya tuna da shari'ar ƴar jarida Samira Sabou. An kama ta ranar 10 ga Yunin 2020 bayan Sani Mahamadou Issoufou, ɗan shugaban ƙasa na lokacin, ya shigar da ƙara. Rubutun da ta yi kan binciken kuɗaɗen ma'aikatar tsaro bai ambaci sunansa ba, wani mai bibiyar shafinta ne ya ambace shi a ƙasan rubutun. Kotu ta sallame ta ranar 28 ga Yuli, amma bayan ta yi kwana 48 a tsare. A rubutun da ba shi da suna, sunan da kowa ke gani a fili shi ne na admin, kuma shi ne ya danna amincewa.

Wa ke karanta Barbarci a kamfanin Meta?

Idan rubutu ya wuce admin, abin da ya rage shi ne a kai ƙara wurin kamfani. A nan ne Diffa ke da matsala ta musamman, domin a saƙo guda za ka ga Barbarci da Hausa da Faransanci, wani lokaci har da Fillanci ko Larabci, kuma kowa da irin rubutunsa. Takardun cikin gida da Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna kashi 87 cikin 100 na abin da Facebook ke warewa don tantance labaran ƙarya Amurka yake tafiya, sauran duniya gaba ɗaya kashi 13. Masu tace rubutu da kamfanin Sama ya ɗauka wa Meta a Nairobi, an sallame su a 2023, lamarin da ya kai su kotu a Kenya.

Ko da na'ura ta iya fassara kalmomin, ba za ta gane nauyinsu ba. A rubuta cewa wane yana yawan zuwa bakin kogi da magariba. Babu zagi a ciki, babu barazana, ba ta karya ƙa'idar kowa ba. Ɗan Gueskérou ko Chétimari ne kaɗai zai san abin da ake nufi.

Maƙwabta sun riga sun ga inda abin ke kaiwa. A watan Yunin 2018 hotunan gawarwaki sun yaɗu a Facebook a jihar Filato ta Najeriya, aka ce daga harin yankin Gashish suke. Binciken BBC ya gano cewa ɗaya daga cikinsu daga Kongo-Brazzaville ya fito tun 2012, ƴan sandan jihar kuma suka ce hotunan sun taimaka wajen rura wutar ramuwar da aka kashe mutane a kan hanya a Jos.

Akwai kuma manhajojin saƙon sirri da matasa ke liƙa mahaɗinsu a Instagram ko a WhatsApp suna cewa a faɗa musu gaskiya. Sarahah, wadda wani ɗan Saudiyya ya ƙirƙira, Apple da Google sun cire ta daga rumbunansu a 2018 saboda cin zarafin yara. NGL kuwa a Yulin 2024 ta amince ta biya dala miliyan 5 a Amurka, aka kuma hana ta hulɗa da ƴan ƙasa da shekara 18. Hukumar kula da kasuwanci ta ƙasar ta zarge ta da tura wa masu amfani da ita saƙonnin bogi da kanta, sannan ta karɓi kuɗinsu da alkawarin nuna musu wanda ya turo.

A ganina dai, duk waɗannan ba su kai saƙon murya na WhatsApp haɗari ba a kwarin Komadugu, inda da yawa ba sa karatu amma kowa yana saurare. Da zarar an tura saƙo gaba, sunan mai shi ya ɓace, sai murya kawai. Kamfanin da kansa ba ya jin abin da ke ciki saboda saƙonnin a kulle suke. Abin da ya iya yi shi ne taƙaita turawa zuwa wurare 5 a 2019, sannan wuri ɗaya ga saƙon da ya yi yawo da yawa a 2020. A nan ƴan'uwanmu da ke Libiya da Maiduguri da Faransa ke shigowa. Kewar gida da fargaba kan sa su tura duk abin da suka ji game da garinsu cikin gaggawa, su kuma dokar Nijar ba ta isa inda suke ba. Ƙanin da ya karɓa ya tura a Maïné-Soroa, da layin da aka yi wa rajista da katin shaidarsa, shi za a kira.

A watan Fabrairun 2025 ministan sadarwa na lokacin, Sidi Mohamed Raliou, ya ce gwamnati na duba yiwuwar tilasta wa zaurukan WhatsApp da Facebook masu mutum 50 zuwa sama neman izini kafin su ci gaba da aiki. A Diffa, inda ƙauye guda ya warwatsu tsakanin bakin babbar hanya ta ɗaya da N'Guigmi da Damagaram, zauren da dangi ke sanar da juna rasuwa da suna ma ya wuce wannan adadi.