Lissafin Kujerar Jirgi a Ɗakin Tiyata

Kujerar da jirgin sama ya tashi da ita babu kowa a kai, kuɗinta ya tafi har abada. A kan haka ne Kenneth Littlewood na kamfanin BOAC a Ingila ya fito da ƙa'idarsa a 1972: kada a sayar da kujera da arha sai in kuɗin ya fi abin da ake sa ran samu idan aka ajiye ta domin fasinjan da zai zo a makare ya biya da tsada. Bayan da Amurka ta sakar wa kamfanonin jirage mara a 1978, American Airlines ya yi amfani da irin wannan lissafi wajen durƙusar da kamfanin People Express.

Awar ɗakin tiyata ma ba ta kwana. An tafasa kayan aiki, likitan sa barci ya shirya, ma'aikatan jinya na tsaye. Idan ba a shigo da majinyaci ba, ta wuce. Asibitocin Amurka kan raba wa kowane likita ranarsa, sannan su karɓe lokacin da bai cike ba 'yan kwanaki kafin ranar, su ba wani. Inda gizo ke saƙar shi ne nawa za a bari domin gaggawa. A cika jadawali maƙil, mai naƙudar da ta gagara ta iso da hantsi, sai a ɗage tiyatar dattijon da ya kwana bai ci ba. A bar sarari da yawa, ɗaki ya wuni a banza, masu jira na ƙaruwa. Wani masani, Eugene Litvak, ya nuna a asibitin yara na Cincinnati cewa ware wa gaggawa ɗakunanta, da daidaita tiyatar alƙawari a duk ranakun mako, yana rage jira ƙwarai.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne auna awa da riba kaɗai, domin da wannan ma'auni mai yoyon fitsari ba za ta taɓa shiga gaban mai sauya gwiwa ba. Kwamitin mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2015 cewa mutane biliyan 5 ba sa samun ingantacciyar tiyata da za su iya biya. A wuraren nasu, abin da ya kamata a sa a gurbin farashi shi ne haɗarin da jinkiri zai jawo wa majinyaci. Bayanan da lissafin ke buƙata kuwa suna cikin rajistar ɗakin tiyata: ranar da masu gaggawa suka fi zuwa, da tsawon kowane aiki, da dalilin kowace ɗagewa.