Jirgin Ja da Jirgin Yasa: Sunayen Jiragen Tashar Ruwa a Bakin Badamagare

Damagaram ba ta da teku, amma shinkafa da magunguna da kayan gyaran mota da ake sayarwa a kasuwannin Zinder, da yawansu ta teku suke shigowa. Kafin 2023, Kwatano ce babbar ƙofar kayan Nijar. Da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso. Don haka mai fassara labarai a rediyo ba ya rabuwa da zancen tashar jiragen ruwa, kuma dole ya samo wa abubuwan cikinta suna.

Asalin ma'anar kalmar jirgi ita ce abin ƙetare ruwa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, wanda daga baya ya riƙa kwasar gyaɗar Damagaram zuwa Ikko, sai ma'anar ta faɗaɗa, aka sami jirgin ƙasa, sannan jirgin sama. Wannan ya tilasta wa ma'anar asali neman bayani, ta zama jirgin ruwa. Ke nan harshen ya kafa tsari: jirgi, mahaɗi -n, sai kalmar da ke fayyace shi. A waɗannan misalai uku, kalmar tana nuna wurin da jirgin yake tafiya.

A cikin tasha wannan bai wadatar ba, domin dukkan jiragen a ruwa suke. Aikinsu ne ya bambanta. Babban jirgin kaya idan ya rage gudu, sitiyarinsa ba ya juya shi sosai, saboda sai ruwa na gudana da ƙarfi a kan allon juyawa yake aiki. Shi ya sa ƙananan jirage masu injin ƙarfi suke ɗaura masa igiya su ja shi, ko su tura shi ta gefe har ya jingina. Wani jirgin kuma aikinsa kwashe yashin da ke cike mashigi. Su biyun nan ne suka kuɓutar da Ever Given bayan ya toshe mashigin Suwez kwana shida a Maris na 2021. Na uku shi ne ƙaramin jirgin da ke kai wa baƙon jirgi masanin hanyar tasha.

Tsarin yana karɓar sunan aiki a gurbin sunan wuri. Na farko zai zama jirgin ja. Na biyu jirgin yasa, domin duk wanda ya ga yasar rijiya ya san ma'anar fitar da laka don ruwa ya yi zurfi. Na uku kuwa yana da magaji a fataucin da ya bunƙasa Zinder zamanin Sarki Tanimun, lokacin da ayari ke zuwa Tarabulus. Madugu ne shugaban ayari, jagaba kuma shi ke gaba yana nuna hanya. Kyaftin madugu ne, masanin tasha jagaba, abin hawansa jirgin jagaba.

Sai dai akwai tarko a rubutu. Jan jirgi na iya nufin jirgi mai jan launi, ko aikin janyo shi. A baka karin sauti ne ke raba su: sifar tana da karin sama, sunan aikin yana da faɗau. Rubutun yau da kullum ba ya nuna kari, don haka a labari gara a rubuta janyo jirgi.

Hausar Nijar ta saba aro daga Faransanci, kamar lakwal da kamiyo, ta Nijeriya kuma daga Ingilishi. Idan kowane ɓangare ya ari nasa sunan, ɗan kasuwar Zinder da na Kano za su kira jirgi ɗaya da suna biyu. Suna irin jirgin ja kuwa, duk su biyun za su gane shi da jin farko.