Jirgin Yaƙin Da Ya Fi Sauti Gudu A Sararin Yola

Mazauna Jimeta da ke kusa da filin jirgin sama ba za su manta da ƙarshen shekarar 1 ta faɗuwar Mubi ba, watau 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka kame garin a watan Oktoba, 'yan gudun hijira suka cika Yola maƙil, jiragen yaƙi kuma suka riƙa tashi safe da yamma suna nufar arewa. Daga cikin jiragen da Rundunar Mayaƙan Sama ta Nijeriya ta yi wannan yaƙi da su akwai wani siriri mai buɗaɗɗen hanci, wanda ake kira F-7Ni. Ƙirar ƙasar Sin ne, amma asalinsa daga Rasha yake.

Kakansa shi ne MiG-21, wanda ma'aikatar Mikoyan da Gurevich ta Tarayyar Sobiyat ta fito da shi, ya kama aiki a 1959. Abin da Rashawa suke nema a wancan zamani shi ne jirgi marar nauyi, mai araha, wanda zai tashi nan da nan ya haura can ƙololuwa ya tare manyan jiragen Amurka masu ɗauke da bama-bamai kafin su iso. Saboda haka suka ba shi inji guda, mazaunin mutum guda, da fukafukai masu siffar alwatika. Iskar da injin yake shaƙa ta hanci take shiga, a tsakiyar hancin kuwa akwai wani tsini mai kama da kan mazurari, wanda yake karya ƙarfin iskar idan jirgin ya wuce gudun sauti, don kada injin ya shaƙe. Da wannan dabara yakan ninka gudun sauti sau biyu, watau wajen mil 1,300 a sa'a guda. An ƙera fiye da 10,000 irinsa.

A 1961 Rasha ta yarda ta ba Sin zanensa, amma dangantakarsu ta riga ta yi tsami, takardun ba su iso cikakku ba. Sai injiniyoyin Sin suka kwance jiragen da ke hannunsu ƙusa-ƙusa suka kwaikwaya. Nasu ya fara tashi a watan Janairu na 1966, suka sa masa suna J-7, wanda ake sayar wa ƙasashen waje kuma F-7. Ba a daina ƙera shi a birnin Chengdu ba sai 2013.

Nijeriya ta san wannan zuriya tun da daɗewa. Ta sayi MiG-21 daga Rasha a 1975, daga baya rashin kayan gyara ya kwantar da su. A 2005 gwamnatin Obasanjo ta yi odar 15 daga Sin, 12 na yaƙi, 3 masu kujera biyu na koyo, aka ba su masauki a Makurɗi. Waɗannan an gyara musu fukafukai, an karya layin alwatikar daga tsakiya zuwa baki domin su fi juyawa da sauƙin sauka.

To, a nan fa gizo ke saƙar. Jirgin da aka yi domin farautar wani jirgi a saman gajimare, shi aka aika ya nemo mutanen da ke kan babura a gindin duwatsun Michika da Madagali da dajin Sambisa. Gudun da ya zama abin alfaharinsa shi ne ya zama cikas, domin kafin matuƙi ya tantance ko abin da ke ƙasa motar abokan gaba ce ko ta 'yan kasuwa, ya riga ya wuce. Bugu da ƙari cikinsa ƙarami ne, ba ya ɗaukar mai da yawa, ba shi da halin yin shawagi yana jira. Wannan ne ya sa kusancin Yola da fagen daga ya zama abu mai daraja ƙwarai. Wajen sauka ma da gudu yake zuwa, har sai an saki wata laima daga wutsiyarsa ta ja shi baya.

An kuwa yi hasara. A ranar 10 ga Oktoba, 2015, ɗaya ya faɗi a yankin Hong yana hanyar komawa sansani cikin mummunan yanayi, matuƙinsa ya rasu. A watan Satumba na 2018 biyu suka yi karo a Abuja wajen gwajin bikin 'yancin kai, Bello Baba-Ari, mai muƙamin shugaban ayarin jirage, ya riga mu gidan gaskiya. A ganinmu, yaran da suka tuƙa shi a irin wannan aiki sun cancanci yabo fiye da jirgin kansa.

A 2021 Nijeriya ta karɓi JF-17 guda 3 daga Pakistan, sa'an nan da Super Tucano guda 12 daga Amurka. Shi wannan na biyun farfela gare shi, ko rabin gudun sauti da ƙyar yake kaiwa, amma yana iya shafe sa'o'i yana kewaya wuri guda.